Rabin Marigayiya

A benci ɗaya suke jiran layi a shagon mai gyaran kwamfuta, kowa da tasa a cinya. Wata mata, wadda buga takardu ne sana'arta, ta kasa haƙuri, ta leƙa kwamfutar wani dattijo da ke gefenta.

"Baba, ai taka ba lalacewa ta yi ba, cika ta yi. Ka ga jan layin nan? Ɓangaren C ne ya cika maƙil. Ka ce a share ɓangaren D a haɗe su, ta samu wurin numfashi."

"Ba mai taɓa D."

"Kamar ɗaki biyu ne fa, bangon tsakiya kawai za a rushe."

"Na sani, 'yata. Ni na sa aka raba ranar da muka saye ta. Rabi nawa, rabi na mai ɗakina."

"To, ta kwashe kayanta a filashi mana."

"Shekararta biyu da rasuwa."

Matar ta gyara zama. "Allah ya jiƙanta. Me ta ajiye a ciki?"

"Ban taɓa buɗewa ba."

"Haba Baba, shekara biyu? Ka buɗe mana."

Dattijon ya rufe kwamfutar a hankali.

"In na buɗe, na tarar ba ni a ciki fa?"