Tata Bonakele a Bakin Ƙofar Gareji

Jawabin da Vuyisile Mtati ya yi a zauren cocin Emthonjeni, ranar taron tunawa da Tata (wato Baba) Bonakele Siwisa

Mfundisi Ngubo, limamin wannan coci. Nkosi, shugaban unguwarmu, da dattawan da suka rako shi. Mai girma Kansila. Shugabar makarantar firamare da malamanta. Baƙonmu da hukumar wasan kurket ta turo daga birni, na gan ka a kujerar gaba, kuma zan zo kanka. Mama Nolitha, matar marigayi. Sive da Babalwa, 'ya'yansa. 'Yan wasan ƙungiyar Emthonjeni, manya da ƙanana. Iyayenmu mata da ke can baya kan tukwane tun safe. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Sannunmu da wannan rashi.

Ku dubi hannuwana. Babu yatsa ɗaya a nan da ya miƙe daidai, kuma duk aikin Bonakele ne. Tun muna samari shi ne mai jefa ƙwallo a ƙungiyarmu, ni kuwa ni ne mai tsugunawa bayan sanduna uku in kama abin da ya jefo. Ranar da ya fara karya mini yatsa na ce, "Haba Bhuti, ɗan'uwana, rage wuta mana, ai ni naka ne!" Ya ce, "In hannun naka na tuƙa tuwo ne, koma gida kakarka ta ba ka muciya." Daga baya shi ya ɗaure mini yatsan da tsumman rigarsa, yana ɗaurewa yana zagina. Shi ya sa iyali suka ce ni zan yi magana da yawunmu duka, don sun san ba zan mayar da shi waliyyi ba.

Ya kasance mutum mai zafi. Ya kasance mai taurin kai irin wanda ke gajiyar da matarsa da abokansa. A zamanin wariyar launin fata, wata Asabar muna tsakiyar wasa motocin 'yan sanda suka shigo har cikin fili, wai an hana taro. Suka sako karnuka, suka bi mu da bulala. Kowa ya watse sai Bonakele, wai bai gama jifansa ba. Kare ya yage masa naman ƙwauri, wani ɗan sanda ya zubar masa da haƙoran gaba da gindin bindiga. Asabar ta gaba sai ga shi da ƙafa a naɗe, baki a kumbure. Muka ce, "Kai mahaukaci ne?" Ya ce, "Ƙafa suka ciza. Da hannu nake jifa." A lokacin nan baƙar fata ba ya buga wa ƙasa wasa, ko da kuwa jifansa na fasa katako. Ƙuruciyarsa ta ƙare a haka, yana aikin walda a masana'antar motoci a birnin Monti, yana jifa ranar Asabar.

Ya kasance mai gini. Filin da yaranmu ke wasa yau juji ne a da, matattarar kwalabe da mushen karnuka. Shi ya ja mu da shebur da baro, ya hana mu hutun Lahadi, har Mfundisi na wancan lokacin ya yi wa'azi a kansa.

Manya a nan za su tuna shekarun da wariya ta faɗi aka buɗe ƙofa, aka fara nuna wasan ƙasa a tashar da kowa ke kamawa da eriyar waya. Gida ɗaya mai talabijin sai ya ɗauki layi guda. Da an tashi daga kallo, titunan Emthonjeni sun cika: katakon akwatin tumatir ne abin duka, kwandon shara ne sanduna, gilashin taga kuwa sai wanda Allah ya tsare. Mama Nolitha ta fi kowa sanin wannan, nata aka fi fasawa. Bonakele ba ya neman yara a lokacin, su suke tare shi a hanya. Har 'yan mata ya kafa wa ƙungiya, duk da surutun da muka yi masa.

Sai wata shekara aka sayar da hoton wasan. Manyan wasanni suka koma tashar kuɗi, sai mai dish da dikoda, sai mai biyan wata. A unguwar da uwa ke zaɓa tsakanin katin wuta da garin masara, wa zai biya? Ba a yi shela ba, ba a yi faɗa ba. Kawai sai muka ga yara suna raguwa a fili. Yaro ba ya kwaikwayon abin da bai gani ba. Na ji Bonakele da kunnena yana tambayar wani ɗan firamare sunan kyaftin ɗin ƙasa, yaron ya tsaya yana sosa kai. Bonakele ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

Wuri ɗaya ne a Emthonjeni ke da tashar: mashayar Mpisi. Kun san shi, kun san ƙwayar da yake sayarwa ta ƙofar baya. Samarin da har yanzu wasan ke ransu suka fara zuwa can kallo. Mpisi bai kore su ba. Ya ba su kujera, ya ba su lemo, daga lemo zuwa kwalba, daga kwalba zuwa "kai mini wannan ƙullin wurin wane." Cikinsu akwai Luphumlo, ɗan Sisi Nokhaya, dogon yaron nan da Bonakele yake cewa, "Wannan zai sa rigar da aka hana ni." Rabon Luphumlo da fili ya yi nisa lokacin da aka tsince shi a kwalbati bayan tashar tasi, an caka masa wuƙa a wuya da ciki, ƙullin Mpisi na aljihunsa. Bonakele ne ya shiga ruwan kwatar nan ya ɗauko shi. Ya riƙe shi a ƙirji har gidan uwarsa, jini na bin wandonsa, babu wanda ya iya karɓar gawar daga hannunsa.

Bayan jana'iza ya sa kwat ɗinsa na coci ya hau tasi zuwa ofishin hukumar kurket. Ni na raka shi. Wani matashi mai fara'a ya ba mu shayi, ya yi mana bayani cewa kuɗin tashar ne ke biyan 'yan wasa, shi ke gina filaye. Bonakele ya ce, "Ɗana, wa zai taka filayen? Awaki?" Matashin ya ce za a duba. Bonakele ya daki tebur har kofi ya kife, masu gadi suka fitar da mu kamar buhunan dankali. A tasi na ce, "To ka ga abin da zafinka ya jawo." Ya ce, "Rufe mini baki, mai karkatattun yatsu, tunani nake yi."

Tunanin shi ne garejinsa. Ya kwashe kuɗin sallamarsa na masana'anta ya sayi dish da dikoda da talabijin babba, ya fitar da tsohuwar motarsa ya bar ta a rana, ya jera benci. Dokarsa ɗaya ce: ba mai shiga kallo sai wanda ya zo atisaye. Mama Nolitha na soya amagwinya, fanken nan namu, tana miƙawa ta taga tana mita, "Ni dai na auri mutum ɗaya, na wayi gari da makaranta." Gareji ya cika har waje. Fili ya sake cika. Mashayar Mpisi kuwa ta rasa masu kai mata ƙulli.

Mpisi ya fara da aike. Yaransa suka zo suka ce, "Tata, Oga na gaisuwa. Ya ce tsoho irinka hutu ya kamace shi." Bonakele ya ce, "Ku ce masa ina amsawa. In yana son kallo ya zo atisaye kamar kowa, zan ba shi ƙwallo ya rage tumbi." Suka dawo suka farfasa dish ɗin da guduma. Ya sayi wani. Suka sa wa karensa guba suka jefo shi kan rufi. Ya binne karen ya buɗe gareji. Sai suka tare shi a fili da rana tsaka, suka danne shi a ƙasa, suka ɗauki katakon wasa na ƙungiyarmu suka yi ta dukan hannunsa na dama har ƙashi ya ɓullo ta fata. Hannun da karnukan wancan zamani ba su samu ba, 'ya'yan unguwarmu ne suka karya shi.

Mun roƙe shi. Ni na roƙe shi, Nkosi ya roƙe shi, Babalwa ta zo daga birnin Kapa ta durƙusa a gaban gadon asibiti tana kuka. Ta ce, "Tata, talabijin ce fa kawai." Ya ce, "Ntombi, 'yata, in na kashe ta, ina za su je kallo?"

Ya kasance mai cika alkawari ko da alkawarin zai ci shi. Ranar Asabar ɗin nan ƙasarmu na wasa, gareji maƙil da yara, ina zaune a bencin baya. Mota ta tsaya a waje, yaran Mpisi uku suka fito da jarkar fetur, ɗaya da bindiga. Suka ce a fito da kowa ko su ƙone garejin da abin da ke ciki. Bonakele ya ce mini, "Vuyi, ta taga." Ya tafi ya cika bakin ƙofa da jikinsa, hannun dama rataye a wuya, ƙwallo a hannun hagu. Ina cusa yara ta taga Mama Nolitha na karɓa, ina jin muryarsa. Mai jarkar ya matso, Bonakele ya sakar masa ƙwallo a muƙamuƙi da hannun da bai taɓa jifa da shi ba. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Sai ya dubi mai bindigar ya gane shi. Siyanda ne, yaron da ya yi shekaru a ƙungiyarmu kafin mashaya ta ɗauke shi. Ya ce, "Siyanda, kai ne? Ajiye wannan abin." Siyanda ya harbe shi a ciki. Bai faɗi ba, ya riƙe katakon ƙofa. Siyanda ya sake harbinsa a ƙirji. Kafin ya kai ƙasa, yaro na ƙarshe ya fita ta taga. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Abin da ya biyo baya kun sani, don da yawanku kuna wurin, kuma ba zan sunkuyar da kai in tsallake shi ba. Kafin rana ta faɗi mun ƙone mashayar Mpisi ƙurmus, shi ya tsere ta baya, har yau ana nemansa. Muka kamo Siyanda a bayan makaranta. Aka fasa masa kai da dutse, aka rataya masa taya a wuya, aka tuttula masa fetur. Ashana ake nema lokacin da Mama Nolitha ta ratso taron, jinin mijinta bai bushe a zaninta ba. Ta ce, "Ku cire masa tayar nan." Wani ya ce, "Mama, shi ne fa!" Ta ce, "Na san shi ne. A kicin ɗina ya ci abinci. Mijina bai tsaya a ƙofar nan don ku ƙone yaro ba. Wanda zai kyasta ashana ya fara da ni." Ta rungume shi da fetur ɗin da komai har 'yan sanda suka iso.

Mama, ba mu da abin da za mu ba ki da ya kai wannan. Kin tsamo mu daga abin da da mun kwana da shi har kabari. Sive, Babalwa, ubanku ya raba kansa tsakaninku da 'ya'yan mutane, kuma mun san sau da yawa ku ne kuka samu ƙaramin kaso. Ku yafe masa, ku yafe mana.

Yanzu kai, baƙonmu na hukuma. Mun ga furannin da kuka aiko, mun gode. Ban ce ku kuka harbe shi ba. Amma ka koma ka gaya wa waɗanda suka turo ka cewa a ranar da suka sa hannu a takardar sayar da hoton wasan nan cikin ɗaki mai sanyi, a Emthonjeni wasan ya koma gidan giya, yaranmu suka bi shi can. Ku ci kuɗinku, ba mu hana ba. Amma in ƙasa na wasa, ku bar 'ya'yan ƙasa su gani. Ba tsoho mai karyayyen hannu ya kamata ya yi muku wannan aikin ba.

Ku kuma samarin ƙungiya, na ji abin da kuke ƙullawa game da gidan su Siyanda. Ku juya ku dubi benci na ƙarshe kusa da ƙofa. Matar nan da ta rufe fuska da mayafi uwarsa ce. Ba kutse ta yi ba, Mama Nolitha ce ta aika aka ɗauko ta, kuma tare za su ci abinci yau. Duk wanda ya jefi rufinta da dutse, kada ya sake tako filinmu. Ranar Asabar akwai atisaye, bayan atisaye akwai kallo. Sive ya ce gareji a buɗe yake, ni zan zauna a bakin ƙofa.

Muna godiya ga Mfundisi da ya ba mu wannan zaure, da Nkosi, da ma'aikatan jinya da suka yi iya ƙoƙarinsu, da duk wanda ya kawo itace ko kabeji ko ƙafarsa kawai.

Mu sunkuyar da kai. Ya Ubangiji, ga bawanka Bonakele ya zo gare ka da zafinsa da raunukansa. Ka gafarta masa, ka ba shi hutun da ya ƙi yi a duniya. Ka ji ƙan Luphumlo. Ka riƙe Mama Nolitha da 'ya'yanta. Ka shiga kurkuku ka sami Siyanda, don mu har yanzu ba mu iya ba. Ka cire ashana daga hannuwanmu. Amin.