Dodon da Na Yi Shelar Mutuwarsa a Jos

Tunkiyar Inna ce ta kai mu Jos, ni da ƙanena Sale. Ta sayar da ita ranar kasuwa, ta ƙulle sule takwas a tsumma ta miƙo mini, ta ce ni ne babba, in riƙe kuɗin, in riƙe yaron. Lokacin Turawa suna nan, kuma duk saurayin da ya gama girbi a ƙasarmu ta Kazaure ba shi da zance sai na haƙar kuza. Tunda na ji ku kuna musu a kan dodon nan naku na silima, wai ko a wannan karon zai mutu, ku gyara zama ku ji yadda muka yi da shi.

Kun san gidanmu gidan shela ne. Babana sanƙira ne, haka ubansa. Abu ɗaya ya koya mini da bulala. In suna ne ko biki, kana iya ƙara gishiri, amma mutuwa ba a shelarta sai an tabbatar, in kuwa ta fita daga bakinka ba ta komawa. Da jin muryarka maza suke ajiye fartanya, mata su ɗora hannu a ka. Ka yi musu ƙarya sau ɗaya, ka gama yawo.

Muka kama ɗaki a Nasarawa Gwom, wajen wani mai gida da ke tsayawa bakin rijiya yana harararmu in mun ja guga na biyu, sai ka ce shi ya zuba ruwan a ciki. Sanyin garin kuwa, in ka yi alwala kamar ana tsaga ka da aska. Sale ya samu aiki a ramin kuza, yana ɗibar ƙasa da kwanon sarki. Ni kwana uku na yi a ramin ƙirjina ya ƙi. Wata rana ina ƙwala wa Sale kira daga tsallaken titi, wani Bayarabe ya ja birkin kekensa, ya tambaye ni muryar nan tawa ce ko aro na yi. Shi ne Oga Rafi'u, manajan wani gidan silima. Ya ba ni ƙararrawa da allo mai hoto, in rataya gaba da baya, in zaga gari ina faɗin abin da za a nuna. Wai sunan aikin adibatayis. Na ce masa a garinmu shela ake cewa, kuma mun riga Bature farawa.

Fim ɗin da ya fi cika benci shi ne na dodon. Wani ƙaton abu ne, kai kamar na kada, in ya miƙe bene ba ya kai masa gwiwa. Sale ya kalle shi sau huɗu, ni nake shigar da shi ta ƙofar baya. Kowa na ihu in dodon ya taka mota, shi kuwa dariya yake har da riƙe ciki. A ƙarshe sojoji suka jawo shi cikin kwazazzabo, suka tashi nakiya, dutse ya rufta masa.

Da za a mayar da fim ɗin Ikko, oga ya ce in yi shela cewa dodo ya mutu, wanda bai ga mutuwarsa ba ya zo yau, don ba za a sake ganinsa ba. Na yi tsaye. Na san hoto ne, ni ba jahili ba ne, na yi allo, na kuma taɓa ajin yaƙi da jahilci. Amma kalmar mutuwa ce za ta fita daga bakina. Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya amsa da Hausarsa ta 'yan Jos, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta.

"Sanƙira, dutse ya faɗi kansa. Ko uwarsa ya zo ba zai gane shi ba."

Sai na zaga Farin Gada da Kabong, na yi ta yadda babana yake yi, da irin muryar da irin jan numfashin. Gidan silima ya cika maƙil.

Ba mu koma gida da damina ba, Sale ya ce mu ƙara tarawa. Ruwa ya jiƙa bangon ramin, ya zabtaro a kan masu aiki, da Sale a ciki. Muka yi ta tono da shebur da hannu tun hantsi har la'asar. Ni na fara kama ƙafarsa. Cikin mutanen garinmu da ke Jos babu mai shela sai ni, don haka ni na bi Nasarawa layi-layi ina faɗin sunansa da sunan ubanmu da lokacin jana'iza. Na sa wani malami ya rubuta wa Inna takarda. Komawa gida kam na kasa, ban san da wace fuska zan shiga ba.

Shekara ta kusa zagayowa, wata safiya oga ya kira ni ya warware sabon hoto a ƙasa. Dodon nan ne dai, ya turo hannu daga ƙarƙashin ƙasa, duwatsu na zubowa daga kafaɗarsa. Ya ce wannan shi ne fat-tu, wato kashi na biyu.

"Oga, ba wannan na yi shelar mutuwarsa ba?"

"Shi ne. Ya tashi."

"Ƙasa fa ta rufe shi."

"Ya tona ya fito."

"Ba a fitowa," na ce masa. "Na tona na gani."

Kada ku ce mugu ne, ya zo jana'izar Sale, har makara ya kama. Ya cire hula ya zaunar da ni a benci, ya yi mini bayani kamar mai lallashin mara lafiya. Ya ce in ya kawo fim na soyayya, sai masu jin Turanci ke zuwa, su nawa ne? Amma dodo ba ya neman tafinta, Birom da Ibo da Bahaushe da Bayarabe duk ihu ɗaya suke yi. Masu yin fim ɗin a can ƙasarsu sun riga sun ɗinka dodonsu yana ajiye a sito, ba ya tsufa, ba ya neman ƙarin albashi, ba ya yajin aiki. Sabon labari caca ne, wannan kuwa kowa ya san shi. Na ce to me ya sa suke kashe shi tun farko? Ya ce don mutane su koma gida da daɗin rai, a tashe shi kuma don su dawo.

"Ramin da yana ba da kuza," in ji shi, "wa ya taɓa rufe shi?"

Ramin da ya ci Sale ma kashegari aka koma aiki a cikinsa. Na dai tambaye shi ko ya san haka ranar da na ce ya tabbatar mini. Ya ce kowa ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Na rataya allon, ciki ba ya jin haƙuri. Ina shiga Farin Gada 'yan dako suka hango hoton, suka fara. Wai Sanƙira, ashe matattunka tashi suke yi. Wata mai tumatir ta ce in na yi shelar mutuwar mijinta ba za ta shiga takaba ba sai ta jira fat-tu. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ba ta san zancen Sale ba, baiwar Allah. Ni dai na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar mutane. Na hau bayan wata babbar mota, na kaɗa ƙararrawa har aka yi tsit.

"Jama'a, bara na ce muku dodon nan ya mutu. Ƙarya aka ba ni na kawo muku. Bai mutu ba, a wannan ma ba zai mutu ba, sisinku ne abincinsa. Mai son ganin ƙarshensa ya zauna a gida."

Haka na bi gari ina faɗa har muryata ta dushe, ina jin yau benci zai kwana babu kowa. Kafin magariba layin masu sayen tikiti ya fito har titi. Wasu sun zo ganin dodo, wasu sun zo ganin abin da ya fusata Sanƙira. Da safe oga ya tarye ni da fara'a, ya ce bai taɓa jin adibatayis irin wannan ba, in riƙa yin haka kullum, zai ƙara mini albashi. Ku ji fa. Ƙaryata ta cika musu gida, gaskiyata ta cika, har ɓacin raina sun yanka masa tikiti. Na ajiye masa allonsa da ƙararrawarsa a gabansa, ban ko zage shi ba, don na ga zagin ma zai iya sayarwa.

Da bargo ɗaya na dawo gida. A zaure ƙanwarmu ta gaya mini takardar ta zo tun bara, an karanta wa Inna sau uku, amma ta hana a yi zaman makoki. Ta ce takarda ba ta da baki, a gidan nan ba a karɓar mutuwa sai daga bakin mai shela. Na shiga na durƙusa. Ba ta tambaye ni hanya ba.

"Ka gani da idonka?"

"Ni na tono shi, Inna. Ni na sa shi a kabari."

Ta daɗe tana kallon bakina. Sannan ta ce, "To fita ka faɗa wa gari."

Na fita na fara daga ƙofar masallaci. Kafin in kai bakin kasuwa na ji kukanta ya tashi a bayana.