Har Sandar Wana Nake Kishi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Idi ne, manomin rani daga Jiratawa.

Bara hawan jini ya kayar da ni da wana Sani. Shi idon dama ya rufe, hannu da ƙafar hagu suka shanye, da sanda yake tafiya, kullum ana zuwa gaishe shi. Ni kuwa jiri ne da shaƙuwa, in na sha ruwa in ƙware, fuskar hagu da jikin dama ba su jin zafi. Lokotoro, wato likita, a Maradi ya ce duka a gindin ƙwaƙwalwa ne, nashi sama, nawa ƙasa.

Jiya matata ta ce, "Malam, kai da ƙafarka lafiya, ka tafi gona mana." Wallahi har sandar Sani na yi kishi. Jama'a, yaya zan yi iyalina su yarda ni ma ba ni da lafiya?