Zafin da Za a Gaya wa Jika

A tashar Dutse motar Jahun ta ƙi cika, ga rana ta take. Malam Idirisu ya share gumi, ya dubi matar da ke gefensa tana duba takardun ɗalibai.

"'Yata, da alama malama ce ke. Yaya Bature yake cewa da Turanci zafi ya dame shi?"

"Irin na yau, Baba? Sai ka ce I am boiling. Wato ina tafasa."

"Subhanallahi! Ni ruwan shayi ne? Mu ko an ce mana ya zafi, lokacinsa ne kawai muke cewa."

"To, it is sweltering, zafin da ke hana sakat."

"Ya yi yawa. Jikata ce a Ingila, ba ta jin Hausa, ban taɓa ganinta ba. Ta ce za ta zo in garin ba zafi, kuma an jima za ta kira ni."

Malamar ta yi dariya. "Akwai a bit warm, ɗan ɗumi-ɗumi."

"Yauwa! Maimaita mini."

"Baba, rigarka fa ta jiƙe sharkaf."

"Ai muryata za ta ji a waya, ba rigata za ta gani ba."