Auduga a Robar Magani

A bencin jiran ganin likita, wata matashiyar malamar makaranta ta zauna kusa da wata dattijuwa mai ɗinki, ta rungume jakarta kamar jariri.

"'Yata, saki jakar nan ta sha iska. Duk HIV ce ta tara mu a nan."

"Ni wayona ne ya dawo da ni, Mama. Don kada abokan aiki su gane, nake haɗiye ƙwayar maganin tare da maganin ƙarin jini, ciki babu komai. Har yabona suke yi, wai ina kula da lafiya."

"Sai me ya faru?"

"Sai gwaji ya nuna cutar ta ɗago kai! Likita ta ce maganin ƙarin jinin ne ke hana jikina ɗaukar maganin HIV ɗin. Ni mai koya wa yara yin tambaya, yi wa likita tambaya ɗaya ya gagare ni."

"Yanzu fa?"

"Na raba musu lokaci yadda ta ce. Yau zan ji ko maganin yana aiki, ko sai an canza."

Dattijuwar ta yi dariya. "Ni auduga nake cusa wa robar maganina, don kada ta yi ƙara a mota. Shekaranjiya na zaro audugar, ƙwaya ta biyo ta, na bi ta da rarrafe har ƙarƙashin keken ɗinki!"

Aka kira malama. Ta buɗe jaka, ta zare audugar da ke cikin tata robar.

"Au, ashe ke ma!"

"Dā kenan, Mama."

Ta miƙe, kai a sama, jakar na kacau-kacau har ƙofar likita.