Gaisuwar Da Muka Amsa Da Nama

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Mai Kanti. Dattawan layinmu maza da mata. Maƙwabcinmu Likita da uwargidansa. Mahaifiyarsa Kaka, wadda ta daure ta zo ta zauna a sahun gaba duk da abin da ta gani a hannunmu. Tela da Direba da sauran 'yan kwamitin maƙwabta. Maigidana Mai Nama, da nake hangowa can baya yana raɓewa da ginshiƙi. Jama'a masu sauraro, ina yi muku sallama, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga kwamiti da ya zaɓe ni, a matsayina na shugabar matan layi, in yi jawabin bankwana ga Likita, wanda ya ɗaure kayansa zai bar mu. Na karɓi aikin hannu biyu, amma gara shugaba ya sani tun yanzu cewa ban zo yin bankwana ba. Na zo ne in hana tafiyar, kuma zan bi maganar daki-daki.

Na farko, yadda abin ya faro. Ranar da Likita ya tare a layin nan, ya fito da safe zai tafi asibitinsa na haƙori, ya tarar da maigidana yana wasa wuƙa a ƙofar shago. Sai ya haɗa tafukan hannuwansa a ƙirji, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, "Namaste." Jama'a, ku yi wa mijina adalci. Mutum ne da ya tashi cikin fawa ya tsufa cikin fawa, kunnensa kalma ɗaya yake jira tun asuba. Ya shigo gida yana girgiza kai, ya ce mini, "Baƙon nan yana son nama, har da roƙo yake yi." Na ce, "To, 'ste' ɗin fa?" Ya ce, "Ƙila da yarensu hakan ake cewa marar ƙashi."

A ranar ya yanki tsoka mai kyau ya kai masa da kansa. Likita ya buɗe ƙofa, ya dubi ledar, ya dubi mijina, ya haɗa hannu ya sake cewa, "Namaste." Mijina ya dawo ya ce, "Bai ishe shi ba."

Da abin ya tsaya a gidanmu da sauƙi. Amma Likita mutum ne mai gaishe da kowa. Ya gaida Tela, Tela ya aika hanta. Ya gaida Direba, Direba ya aika ƙafa. Ya gaida shugaban wannan taro, kuma shugaba, ka gafarce ni, kai ne ka aika kayan ciki. Muka riƙa tausaya masa muna cewa, bawan Allah, ga ilimi ga aiki, amma kwaɗayi ya hana shi sakat. Muka riƙa mamaki kuma yadda mutum zai ci wannan uban nama ya zauna siriri kamar tsinken tsintsiya. Ba wanda ya lura cewa maigadin asibitinsa ne yake ta sauya wando saboda tumbi.

Na biyu, abin da ya faru da Kaka ta iso daga ƙasarsu. Maigidana ya ce, "Uwa ce ta zo, ba a tarbar uwa da tsoka." Ya zaɓi kan saniya guda, da ƙahonsa da komai, ya ɗora a faranti, ya sa sabuwar riga, ya je ya ƙwanƙwasa. Kaka ce ta buɗe, ta fito daga ibadarta ta safe da 'yar fitila a hannu. Ta yi ido biyu da saniyar, saniyar ta yi ido biyu da ita, sai tsohuwa ta sulale ƙasa. Direba, wanda ya taimaka aka ɗaga ta, ya zaga layi yana cewa murna ce ta yi mata yawa. Ba a jima ba Likita ya sanar da cewa zai tashi, wai don ya matsa kusa da wurin aiki. Asibitin da ke ƙarshen layin nan, wanda ko da silifa ake zuwa!

Wannan dalili bai shige ni ba. Na ɗauki mayafina na tafi wurin uwargidansa, na ce, "Ƙanwata, ni ba yarinya ba ce. Me muka yi muku?" Sai ta kama hannuna ta kai ni wani lungu a ɗakinsu, ta zaunar da ni.

Na uku, abin da na gani da abin da na ji. Ku saurara da kyau, don da mun san shi tun farko da ba mu taru a nan ba. Gidan Likita mabiya addinin Hindu ne. A lungun nan akwai ɗan teburi mai tsabta, da fitila, da turare, da furanni, da 'ya'yan itace, da siffofin abubuwan bautarsu. Ta ce mini a wurinsu asalin komai ɗaya ne, amma yana bayyana ta fuskoki da yawa: akwai Barahama mai halitta, akwai Bishnu mai kiyayewa, akwai Shiba mai rushewa don a sabunta. Akwai Lakshimi ta arziki. Akwai kuma Ganesha mai kan giwa, wanda suke fara kira kafin kowane aiki don ya kawar da cikas. Ta ce sun yi imani cewa rai yana mutuwa ya dawo a wani jiki, kuma abin da mutum ya aikata yana bin sa, shi ne suke kira karma. Suna da wata ƙa'ida, ahimsa, wato kada ka cutar da mai rai. Saboda ita ne da yawansu ba sa cin nama, kuma a gidan nan ba a taɓa ɗora shi a wuta ba. Saniya kuwa girmama ta suke yi kamar uwa, don tana shayar da mutane.

Na ce, "Uwa?" Ta ce, "Uwa." Jama'a, a nan ne na nemi ruwa.

Da na dawo hayyacina na ce, "To, me ya sa mijinki yake roƙon nama kullum?" Ta dube ni, ta rufe baki, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Yaya, 'Namaste' gaisuwa ce. Ma'anarta, ina girmama ka." Na ce, "Ai sai ku faɗa!" Ta ce, "Ranar farko ya ji nauyin mayar da hannun maƙwabci. Da aka jima, sai ya ji nauyin a gane ya daɗe yana karɓa. Yanzu ya ce gara ya tashi da ya kunyata Mai Nama a gaban mutane."

Ku ji fa. Mutum ya zaɓi ya bar gidansa, ya bar itacen lemun da ya dasa da hannunsa, ya ɗauki tsohuwa ya shiga neman haya, don kawai kada mijina ya ji kunya. Addininsu nasu ne, namu namu ne, ba wanda ya ce wani ya bar nasa. Amma irin wannan maƙwabci ba a yi masa bankwana, riƙe shi ake yi. Shi ne ya cire wa rabin layin nan haƙori ba tare da ya taɓa tambayar me muka tauna ba, alhali ya fi kowa sani.

Na huɗu, kuma na ƙarshe, matakan da muka ɗauka. Matan layi sun yanke cewa daga yau duk abin da ke da jini ba zai ƙetare ƙofar Likita ba. Direba ya tabbatar mini cewa motar da za ta kwashi kayan ta lalace, kuma za ta ci gaba da lalacewa. Ƙanwata ta gaya mini cewa Ganesha, bayan kawar da cikas, yakan ajiye shi a hanyar da bai kamata a bi ba. To, Likita, ni ban san sha'aninsa ba, amma ga cikas nan cike da kujeru yana kallonka.

Saura maigidana. Da na koma gida na kwashe labarin na faɗa masa, na zaci zai yi dariya ko ya yi faɗa. Sai ya ajiye wuƙarsa ya zauna. Can ya ce, "Ashe duk shekarun nan mutumin nan gaishe ni yake yi kowace safiya, ni kuwa ban taɓa amsa masa ba." Tun da na aure shi ban ga abu ya dame shi haka ba, ni ma kuma ya dame ni.

Saboda haka, Mai Nama, fito daga bayan ginshiƙin nan. Taho gaba, ba wanda zai cinye ka, musamman a wannan sahu. Kaka, buɗe idonki, ba komai a bayansa, na caje shi kafin mu fito. Likita, ka dubi hannuwansa da kyau, ga su nan a haɗe a ƙirji. Yau ne karo na farko da ya zo gabanka ba leda ba faranti. Amsar gaisuwarka ya kawo, ta makara, amma ta iso. Idan ka karɓa, ka je ka kwance kayanka.

Shugaba, ka shaida, Kaka ce ta fara miƙa masa hannu.

Allah ya bar mu tare lafiya. Allah ya ƙara wa Kaka lafiya da nisan kwana, ya kare ta daga kyautar maƙwabta. Allah ya ba maigadin asibiti haƙurin abin da zai rasa. Allah ya buɗe kunnuwanmu mu riƙa jin magana har ƙarshenta, ya mai da kowa gidansa lafiya, har da Likita, wanda nasa yana nan inda yake.

Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe. Na gode.