Katuna arba'in da uku da ba su fito ba

Shugaban ƙungiyar telolin Wadata, Alhaji Mumuni. Iyayenmu dattawan sana'a. Ƴan uwana masu taka keke. Mata da ke can baya kuna jira ku ga yadda sakatare zai ƙare: assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni wuri, ko da yake da kun san abin da zan faɗa, da kun ba ni tun safe.

An ce yau za a raba katunan ƙungiya. Mutum arba'in da uku ba za su samu ba. Kun ji na yi ta yawo a kasuwa ina cewa aikin Balkisa ne, ɗiyata da muka kai lakwal ta koyi ordinata, wato kwamfuta. To, ba ita ba ce. Ni ne.

Ita ta rubuta tsarin da ke karanta sunaye daga fishiye, wato kundin da ke cikin ordinata, ya jera su a kati. Ni kuwa, mai ajin firamare huɗu, na buɗe fishiyen a tsohuwar ordinatar shago don in ƙara suna ɗaya. Da zan rufe, ta yi mini doguwar tambaya da Faransanci. Tela ne ni, shekara talatin ban taɓa ce wa mai kawo ɗinki a'a ba. Na danna "oui", wato i.

Sai sunan Ɗanjuma ya fito da alamar tambaya a goshi maimakon Ɗ, Ƙasimu haka, Ɓaidu haka. Balkisa ta duba, ta ce, "Baba, ka taɓa fishiyen nan?" Na ce ko kusa. Ta ce, "To, aljani ya adana shi ranar Talata bayan azahar, yana zaune a kujerarka."

Ga abin da ta koya mini. Na farko, ordinata lamba take ajiyewa, ba harafi ba, kuma kowace lamba da awon da ake fassara ta da shi. Wanda ya yanka da yadi, aka ɗinka da mita, riga ba za ta zauna ba. Awon da ke ɗaukar ƙ da ɗ namu, UTF-8 ake ce masa, sai a gaya wa tsarin ƙarara, kada a bar shi ya yi cinke. Na biyu, in harafi ya rikiɗe ya zama tarkace, yana warwaruwa kamar ɗinkin da ya karkace. In an adana shi alamar tambaya, almakashi ya riga ya wuce. Na uku, ba a yanka atamfar mutane sai an gwada a ƙyalle. Ni asalin na yanka, babu kwafi.

Balkisa, a kasuwa na ɓata sunanki, a gaban kasuwa nake wanke shi. Ki yafe wa tsohonki.

Sauran arba'in da ukun, daga gobe zan bi ku shago shago da biro, kowa ya faɗa mini sunansa da bakinsa. Ku tanadi shayi, ku rage dariya.

Allah ya albarkaci allurarmu, ya shirya mana zuri'a, ya koya wa sakatarenku cewa a'a.

Na gode.